Biraket ɗin da ke tsagewa a gefen walda

A wani ƙaramin injin casar shinkafa da nake duba wa na'urori, akwai fankar da ke hura buntu waje, moton lantarkinta kuma yana zaune a kan biraket, wato farantin ƙarfen da ke ɗauke da shi, wanda aka liƙe da walda. Biraket ɗin ya riƙa tsagewa a wuri guda, daidai bakin walda. A gyara, ya sake. Mai waldan da ke yi musu aiki ya ce mini: "Injiniya, ƙarfen nan ne ba shi da ƙwari, a sayo mai ƙarfi a huta."

Na fahimci dalilinsa, amma ƙarfe mai ƙarfi ba ya maganin jijjiga. Ƙarfen kasuwa da mai tsada duk taurinsu wajen lanƙwasa kusan ɗaya ne, wajen gigafaskal 200 zuwa 210 a ma'aunin tauri, nauyinsu ma ɗaya, kimanin kilo 7,850 a kowace kubik mita. Ko ka canza ƙarfen, biraket ɗin zai ci gaba da rawa da saurin da ya saba.

Saurin nan shi ne tushen matsalar. Kowane biraket da ke ɗauke da kaya yana da saurin da yake so ya yi jijjiga da shi, gwargwadon taurinsa da nauyin da ke kansa. Moton yana juyawa kusan sau 1,450 a minti a kan wuta mai zagaye 50 a daƙiƙa, wato moton na juyawa kimanin sau 24 a daƙiƙa. Na zana biraket ɗin a manhajar zane ta FreeCAD, na sa manhajar lissafi ta CalculiX ta lissafa mini yadda yake girgiza, sai ga saurinsa na farko, wato mafi ƙasa, dab da na moton. Idan biyun suka haɗu, ɗan rashin daidaito a fiffiken fanka ya isa ya kaɗa komai. A wannan sauri ƙarfen yana lanƙwashewa ya dawo sau miliyan 2 cikin ƙasa da kwana ɗaya, kuma a kan miliyan 2 ɗin ne ƙa'idar Turai ta ginin ƙarfe, EN 1993-1-9, ke auna jurewar walda.

Inda na fi daɗewa shi ne gaya wa manhaja yadda aka ɗaure biraket ɗin. Idan ka ce mata bayansa gaba ɗaya a manne yake da bango, za ta ba ka lamba mai faranta rai wadda babu ita a zahiri. Noti huɗu ne ke riƙe da shi, ginshiƙin da aka ɗaura shi a kai kuma shi ma yana ba da kai. Sai na kafe kewayen ramukan notin kaɗai, na shigo da wani ɓangare na ginshiƙin cikin zanen, na ɗora nauyin moton a daidai tsakiyarsa, can gaba da farantin. Lambar saurin jijjigar ta faɗo ƙasa, kuma wannan ce na yarda da ita.

Daga nan na fara gwaji. Ƙara kaurin faranti daga milimita 6 zuwa 8 yana ninka taurinsa fiye da sau biyu, amma saurin jijjigar bai kai ninki biyu ba, don sai tauri ya ninka huɗu kafin sauri ya ninka biyu. Abin da ya yi aiki sosai shi ne tokara biyu masu kusurwa uku a ƙarƙashin farantin, da matso da moton kusa da ginshiƙi. Ƙarfen da suka ci bai kai na ƙarin kauri ba. Na nemi tazara mai faɗi tsakanin saurin jijjigar biraket da na moto da gangan, domin idan aka koma kan janareta saurin moto yakan ɗan hau ya sauka.

Akwai manhajojin da ke sassaƙe ƙarfe a cikin zane da kansu su fito maka da siffa mai rassa. Ina kallon irin wannan don in ga ta inda ƙarfi ke bi, amma ba na kai wa mai walda ita. Abin da zai iya yankawa da giranda ya kuma kai sandar walda gare shi nake zanawa.

Jan launin da manhajar ke nuna matsi mai yawa da shi a kusurwa mai kaifi kuwa, kada ya tsorata ka: duk yadda ka ƙara tsuke ragar lissafi, wato ƙananan yankunan da manhajar ke rarraba zanen, haka lambar wurin za ta yi ta hawa. Nakan karanta matsin a nesa kaɗan da bakin walda, a kashi 0.4 na kaurin farantin da kuma a cikakken kaurinsa, sannan in ja layi zuwa bakin in kimanta matsin wurin.

Na zauna da mai waldan a kan takardar. Na ce: "Maigida, waldar nan kada ta tsaya a ƙarshen tokara, a zagaye ta, a kuma goge bakinta ya yi sumul." Shi kuma ya nuna mini wani lungu da sandarsa ba za ta shiga ba, muka datse kusurwar tokarar a nan.

Da aka ɗaura, kafin a kunna wuta, na manna waya a jikin moton da manhajar auna girgiza, na buga biraket ɗin da guduma mai kan roba. Abin da wayar ta nuna ya ɗan gaza na kwamfuta, amma yana can nesa da 24 ɗin moton. Na bar musu umarni a takarda: a riƙa share ƙurar da ke taruwa a fiffiken fanka, a kuma duba notin huɗu duk ƙarshen mako.