Kafin ka dogara da littafin da ya ci kyauta

Makon jiya ɗan ƙanwata, wanda ke shirin rubuta kundin digirinsa na biyu a kan bori, ya nuna mini jerin littattafai a wayarsa, ya ce: "Kawu, waɗannan ne suka ci kyautar Geertz, da su kaɗai zan dogara." Kyautar da yake nufi ita ce wadda ƙungiyar masana al'adun ɗan'adam masu nazarin addini a Amurka ke bai wa littafin da ya yi fice, da sunan Clifford Geertz, wani masanin wannan fanni wanda ya rasu a 2006. Da na tambaye shi wanne ya karanta a cikinsu, sai ya ce ya duba taƙaitawarsu a intanet.

Abin da na aikata ke nan a ƙuruciyata, sai dai ni yabon da ake bugawa a bayan littafi ne ma'aunina. Na gina babin farko na kundina a kan ma'anar da Geertz ya bai wa addini, cewa tsari ne na alamomi da ke ba rayuwa ma'ana, domin sunansa ne ke bakin kowa. Daga baya na ji cewa wani masanin, Talal Asad, ya soki wannan ma'ana a littafinsa na 1993, yana ganin tarihin Kiristancin Turai ne ya haife ta, kuma ta yi watsi da iko da horo da ke gina mai ibada. Nan take na juya wa Geertz baya, ina kushe shi a gaban abokan karatu, alhali ban wuce gabatarwar littafin kowannensu ba. Ina da uzuri, ko kuwa haka nake gaya wa kaina: littattafan sun yi ƙaranci, kuɗin kwafi ya fi ƙarfin aljihuna, wasu malamanmu ma yawan manyan sunaye suke ƙirgawa a manazarta. Amma uzurin bai kai ko'ina ba, domin a laburaren jami'armu akwai ɗan siririn littafin Joseph Greenberg na 1946 a kan Maguzawan ƙasar Kano, wanda ya zauna cikinsu ya rubuta, na ture shi gefe don ya tsufa kuma babu mai yabonsa a bango. Ranar kare kundi, malamin da aka gayyato daga waje ya tambaye ni abin da Greenberg ya ce game da yadda aka daidaita iskoki da aljannu, na tsaya ina inda-inda. Har yau ina ganin ya matsa mini fiye da kima, ko da yake tambayarsa tana kan hanya.

Na yi niyyar jero shawarwari da yawa, amma kaɗan ne suka rage. Kada ku kafa hujja da littafin da ba ku kai ƙarshensa ba. Ku kuwa yaran yanzu littafi na shigowa wayarku a kyauta, amma shafi goma ya gagare ku, sai neman wanda zai tauna ya ba ku. Ku duba tsawon zaman marubuci a cikin mutanen, da ko ya ji harshensu, da ko muryarsu ta fito. Misali, wata mai binciken bori, Adeline Masquelier, ta zauna a Dogondutsi ta Nijar, kuma taken littafinta na 2001 ma daga bakin 'yan bori ta ɗauko shi, masu cewa salla ta ɓata komai.

Ku manta da kyaututtuka. Ko da yake, a gaskiya, kada ku manta da su, domin alƙalan kyautar sun karanta littattafan da idon basira, abin da yawancinku ba ku yi ba, kuma jerin nasu wurin farawa ne mai kyau. Haka ma tsofaffin littattafan da nake yabo, ba dukansu ne abin amincewa ba. Littafin Baturen Ingila Tremearne na 1914 a kan bori cike yake da rainin Turawan mulki, kuma yawancin bayanansa daga Hausawan Tunis da Tarabulus ya tattaro su, don haka wanda ya kafa hujja da shi a kan borin Kano ba tare da faɗin haka ba ya ɓatar da mai karatunsa.