Godiya, mun dawo gida

Alhamdulillahi. Jiya da la'asar aka sallame mu daga asibiti, maiɗakina da jaririyarmu. Wanda ya kira ban ɗauka ba ya yafe mini, har yanzu barci yana bina bashin kwana goma sha ɗaya.

Duk kun san yadda hawan jini ya kama maiɗakina tana da ciki, ba sai na maimaita ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne daren da awon jininta ya kai 170 bisa 110, ciki yana sati 33, tana cewa tana ganin walƙiya a idonta. An yi mata allurar magnesiyam salfet don kada jijjiga ta kama ta, wata ma'aikaciyar jinya ta kwana a kanta. Bini-bini ta ƙwanƙwasa mata gwiwa, ta ƙirga numfashi, ta duba jakar fitsari, domin allurar in ta yi yawa numfashi take dannewa.

Can cikin dare maiɗakina ta fashe da kuka, wai gishirin da take ci ne ya jawo. Matar nan ta riƙe mata hannu ta ce, "Ƙanwata, ba laifinki ba ne, daga mabiyiya ne." Ta ce tun farkon ciki jijiyoyin da ke kai wa mabiyiya jini ba su buɗe sosai ba, jinin ya zo ya ɗauke kamar ruwan famfo. Sai mabiyiyar ta galabaita, ta riƙa cinyewa kamar ƙarfen da tsatsa ta kama, tana sakin wasu sinadarai cikin jinin uwa. Su ne ke matse jijiyoyi, jini ya hau, ƙoda ta riƙa zubar da furotin a fitsari. Shi ya sa sai an raba uwa da mabiyiyar, wato a haihu. Ko sunan ma'aikaciyar nan ban tambaya ba, wallahi. Allah Ya ba ta Aljanna, Ya jiƙan mahaifanta, Ya raya mata zuri'a.

Yaya Babba, na san ba ka son a faɗa, amma kai ka ba da jini leda ɗaya. Mai adaidaita sahun bakin layinmu ya ƙi karɓar ko sisi. Inna kuwa a tabarma ta kwana har aka gama. Allah Ya saka, Ya biya muku buƙatunku duniya da lahira.

Waɗanda suka aiko cewa iska ce a nemi hayaƙi, ba su leƙo ba, saƙonku ya iso.

Suna mun raɗa wa jaririyar a asibiti. Taro sai ta ƙara ƙwari, kilo ɗaya da rabi aka haife ta.