Tsohuwar mota ma tana da masu kallonta

Garejina yana unguwar Sabon Gari a Damagaram, ni da yara huɗu, kuma abincinmu gyaran tsofaffin motoci ne, Peugeot 504 da 404 da Land Rover irin waɗanda masu su suka haƙura suka jingine a zaure, kaji na ƙwai a ciki. Tseren da nake shiryawa sau ɗaya a shekara daga cikin wannan aikin ya fito. Wanda ya kashe kuɗi aka tayar masa da motar mahaifinsa, ai yana son a gani.

Damagaram ba baƙuwar wannan harka ba ce. Tun 1924 ayarin Citroën ya ratsa nan kan hanyarsa ta zuwa tafkin Cadi. Ina yaro kuma lokacin da tseren Paris-Dakar yake keta Tenere da Agadas, mukan kwana muna maganarsa. Yanzu ya yi mana nisa, ya koma Kudancin Amurka a 2009, sannan Saudiyya a 2020. A can ne a 2021 suka buɗe rukunin tsofaffin motoci, inda ba gudu ake aunawa ba, sai iya riƙe lokacin da aka yanka maka. Shi na kwaikwaya, don ba zan sa dattijo ya taka motar da ta ba shekara 40 baya kamar ɗan kabu-kabu ba.

Karon farko na sha kunya. Na buga takardu, na sa a Facebook, na tsayar da ranar Alhamis da azahar, na manta ranar kasuwar Dole ce. Motoci tara suka fito, masu kallo kuwa almajirai ne da wata mai sayar da fura. Wanda ya yi alkawarin ba mu asansi ma bai ɗaga waya ba.

Wani tsohon direban hanyar Kano ne ya gyara mini tunani. Ya ce: "Ɗana, wa ya gaya maka ƙarfe mutane ke zuwa kallo? Kowace motar nan tana da labari, kai kuma ka rufe mata baki."

Shekarar da ta biyo na mayar da abin lokacin sanyi, bayan la'asar. Na kai sanarwa gidan rediyo, na ɗauko maroƙi da makaɗa, kuma kafin a tashi muka jera motocin aka buɗe kawunansu awa guda. Maroƙin yana bin su ɗaya bayan ɗaya: wannan ta kai amare nawa, wannan ta yi jigilar gyaɗa zuwa Magarya. Da ya zo kan 504 na sa ya faɗi cewa irinta ce ta ci tseren Safari na Kenya a 1975, kuma a da a Kaduna ake harhaɗa ta. Na ga wani Alhaji ya shafa sitiyarin wata 404 ya yi shiru, can ya ce a irinta ya koyi tuƙi. Jikansa na jan rigarsa yana tambayar me ya sa giyar take a jikin sitiyari.

Wahalar da ba a gani ita ce tsare jama'a. Igiya, takardar izini, jandarma, da samari masu hana yara tsallaka hanya, sun fi motocin cin kuɗi. Riba kuwa ba a filin take ba. Bayan sati biyu aka jawo mini Land Rover uku da igiya, ɗaya daga Mirya, babu ko taya a ƙafarta ta baya.