Kabewar bayan ɗaki

Lahadi, Tawa.

Yau ma bayan sallar asuba na tsinci 'ya'yan kabewa uku a ƙasa. 'Yan mitsi-mitsi, ba su kai ƙwan zabo ba, sun yi rawaya sun yamutse. Da na makon jiya, goma sha ɗaya ke nan. Ganye kuwa masha Allah, yaɗo har ya haye katanga. Uwargida ta ce in wannan kabewar take jira, miyar taushe sai baɗi.

Ni duk zatona yunwa ce, shi ya sa sau biyu ina zuba takin zamani. Sai na leƙa na kira Baba maƙwabcinmu, wanda ya daɗe yana noman rani a bakin tabkin Tabalak kafin gwiwa ta zaunar da shi. Ya shigo da sandarsa, bai ko dubi 'ya'yan da na tara masa ba. Ya tsaya shiru yana kallon furanni.

"Ɗana, ina zuma?"

Na ce wace zuma? Ya ce garkar kabewa da sassafe ƙugi ake ji. Nan na tuna feshin da na yi wa ƙwari kwana goma da suka wuce, da hantsi, furanni a buɗe. Ban faɗa ba, amma ya ga kwalbar a gindin bedi.

Ashe furen kabewa iri biyu ne, shekara arba'in ina ci ban sani ba. Namiji na tsaye kan siririn kara. Macen tana da ɗan ƙulli a gindinta, shi ne kabewar. In ƙudan zuma bai kwaso garin namijin ya kai mata ba, ƙullin ya ɗan kumbura kwana biyu uku, ya rube, ya faɗi. Kuma furen safiya ɗaya gare shi, kafin azahar ya rufe ke nan. Takin da nake ta zubawa, in ji Baba, ganye yake ƙarawa.

Ya tsinko namiji, ya fige masa ɓawon rawayar, ya bar ɗan tsinken tsakiya, ya goga a cikin macen a hankali, kamar mai sa wa jariri kwalli. Muka samu mata huɗu a buɗe, na yi uku da hannuna. Na ɗaura wa kowace zare don in gane su.

Akwai wata babba, kusan dunƙulen hannu, da nake alfahari da ita. Baba ya juya ta, ya nuna mini wani ɗigo mai danƙo a jikinta, ya sa wuƙa. Tsutsa fal! Wannan kuma harbin wani ƙuda ne da ke saka ƙwai ƙarƙashin fata. Ya ce kada in yar da ita a garka, in haƙa rami mai zurfi in binne, sauran kuma da zarar sun kama in sa musu rigar tsohon sange. Raina ya ɓaci ƙwarai a kan wannan.

Ban-ruwa ma ya yi mini faɗa: yau ambaliya, gobe ƙishi, duk ranar da pampo ya ga dama. Na cika tano biyu da la'asar na ajiye.

Uwargida ta ba ni sangen yara da ya yage, da sharaɗin kabewar farko tata ce. Na sa waya ta tashe ni ƙarfe 6, akwai mata biyu da na ga alamar gobe za su buɗe.