Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Maki 231

A makon jiya na tsaya ne a ranar da Yaya Auwalu ya shigo gida da takardar sakamakon jarrabawata ta shiga jami'a, wato JAMB ta 2018, wadda ya bugo a shagon intanet. Maki 231 cikin 400. Umma har da guɗa, domin a layinmu na Malumfashi babu yarinyar da ta kai haka. Ni ma na yi ta rawar kai, ina ganin kaina cikin farar rigar likita.

Murnar ba ta kai kaka ba. Na je na rubuta jarrabawar tantancewa ta jami'ar da na zaɓa, na dawo ina jira. Kullum sai na karɓi wayar Yaya na leƙa CAPS, shafin da hukumar JAMB ta buɗe a 2017 don ɗalibi ya ga matsayinsa da idonsa. Jerin farko ya fito, babu sunana. Daga baya saƙo ya shigo: jami'a ta yi mini tayin gurbi a fannin nazarin halittu maimakon likitanci. Ga wurin karɓa, ga wurin ƙi. Na kashe wayar na tura ta ƙarƙashin filo.

Sai a lokacin aka fahimtar da ni abin da ya kamata in sani tun kafin in cike fom. Makin 140 da aka sanar a shekarar ƙofar shiga ce kawai, ba shi ke ba da likitanci ba. Hukumar likitoci ta ƙasa ce ke ƙayyade wa kowace jami'a yawan ɗaliban da za ta horar, masu nema kuwa dubbai. A jami'o'in tarayya kashi 45 cikin 100 na guraben na cancanta ne, 35 na jihohin da ke kewaye, 20 na jihohin da aka bari a baya wajen boko. Katsina tana cikin rukunin ƙarshen nan, amma ko a can akwai waɗanda suka fi ni maki nesa ba kusa ba.

Gida ya rabu biyu. Baba ya ce da babu gara ba daɗi, in karɓa, wataƙila a aji biyu a mayar da ni likitanci. Yaya ya ce a ajinsu mutum nawa suka shiga da wannan burin, har yau suna nan inda aka ajiye su. Gwaggo kuwa, Allah Ya ji ƙanta, da ta ji batun zaman shekara guda a gida sai ta ce ai zaman budurwa a gida sunansa ɗaya, a kira yaron nan na gidan Alhaji ya turo. Ba wasa take yi ba, kuma na ga Baba bai musa mata ba. Wannan shirun nasa ya fi komai tsorata ni.

Abin da ke sa mutum zufa a sake JAMB shi ne makinta shekara ɗaya yake rayuwa. Ba kamar takardar WAEC ta kammala sakandare ba da za ka adana a akwati. In na ƙi gurbin nan, 231 ta mutu ke nan. In na sake na ci 200, babu wanda zai dawo mini da ita. Wata 'yar ajinmu sau uku tana zama, kowane zama makin na raguwa.

Umma ce ta aike ni Funtua wurin Kawu, ƙanenta, tsohon malamin sakandare. Bai tambaye ni abin da nake so ba. Cewa ya yi in ba shi takardar. Ya sa tabarau ya karanto: Turanci 68, Bayoloji 66, Kemistiri 59, Fiziks 38.

"Uwata, wa ya koyar da ku Fiziks?"

Na ce, "Kawu, wani ɗan bautar ƙasa ne, a aji biyar. Da ya tafi ba a kawo wani ba."

"To tambayoyi 40 ɗin nan, nawa kika yi da sani, nawa kika yi da canke?"

Na sunkuyar da kai. Gaskiya rabin su canke ne, kuma sai da na bar Fiziks ƙarshe, agogon kwamfuta na cin awa biyun nan ina kallo.

Ya ce da makin nawa ya bazu daidai, kowane darasi hamsin da wani abu, da shi da kansa zai danna mini karɓa, domin wanda ya yi iyakar ƙoƙarinsa ya sake zama, abin da ya samu jiya shi zai kuma samu. Amma nawa rami ɗaya ne, kuma ana ganinsa. Sai ya tambaye ni me zai canza tsakanin yau da ranar jarrabawa. Wai in amsar ita ce "zan dage", in tashi in ba shi wuri. Ya kawo mini batun IJMB, karatun share fage da Jami'ar Ahmadu Bello ke kula da jarrabawarsa, mai kai ɗalibi aji biyu kai tsaye. Muka lissafa kuɗin makaranta da na zama, muka ga shagon Baba ba zai ɗauka ba.

Ban samu amsar tambayar Kawu ba sai da na dawo gida. A farkon Nuwamba malaman jami'a suka shiga yajin aiki, Yaya Auwalu da ke aji uku a injiniyanci ya kwaso kayansa ya dawo, ba ranar komawa. Kowa na tsinar yajin, ni kaɗai nake ɓoye murmushi. Malamin Fiziks ya zo har ɗakin zaure, kyauta. Kafin watan ya ƙare kuma aka sanar an rage kuɗin fom daga naira 5,000 zuwa 3,500, Umma ta ce ko akuyarta ba sai an sayar ba.

Saura Baba. Bayan sallar isha'i na durƙusa a gefen tabarmarsa na faɗi duk abin da Kawu ya ce, na ƙara da nawa. Ya daɗe yana jan carbi. Sannan ya ce ya ba ni zama ɗaya tak. In likitancin bai samu ba, maganar Gwaggo za a bi, kuma kada in zo masa da kuka. Na ce na yarda, muryata na rawa.

Da safe na karɓi wayar Yaya, na buɗe shafin, na yi bismilla na danna ƙi. Yadda muka kwashe da Yaya da bulalarsa ta wayar caja a zauren nan, sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.