Daren Ruwan Gishiri

A watan Agusta na 2014, bayan da cutar Ebola ta ɓulla a Legas, Inna ta tashe mu kafin kiran assalatu a gidanmu da ke unguwar Runjin Sambo a Sakkwato, tana riƙe da bokitin ruwan ɗumi da ta narkar da gishiri a ciki. Ƙanenta ne ya bugo mata waya cikin dare, ya ce kowa ya yi wanka da shi, ya kuma sha don kariya daga cutar. Na fara yi mata bayani cewa babu likitan da ya faɗi haka, sai ta dube ni, hannunta yana rawa, ta ce, "Ɗan nan, idan gaskiya ce fa?" Na karɓi bokitin. Daga baya muka ji an kwantar da mutane a asibiti, wasu ma sun rasu saboda gishirin da suka sha, alhali cutar ba ta wuce Legas da Fatakwal ba.

Inna mace ce mai hankali, wadda ba a cutar ta ko a cinikin kasuwa, amma a wannan dare tsoro da ƙaunar 'ya'yanta sun yanke hukunci tun kafin tunani ya iso. Masanin halayyar ɗan Adam Paul Slovic ya daɗe yana nuna cewa mutum yakan auna haɗarin abu da yadda yake jin sa a zuciya, daga bisani ya nemo hujjar da za ta goyi bayansa. Binciken jami'ar MIT ta Amurka na 2018 ma ya gano cewa a Twitter labarin ƙarya ya fi na gaskiya saurin yaɗuwa, musamman mai ta da mamaki ko firgici.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda hakan yake faruwa yau da saƙonnin murya na WhatsApp game da 'yan bindiga a Sabon Birni ko Isa. Bala'in gaskiya ne, shi ya sa duk wanda yake da dangi a can ba ya tsayawa tambayar wane ne mai magana, ko yaushe aka naɗi muryar. Mun haddace aya ta 6 ta Suratul Hujurat da ta umarce mu da bin diddigin labari, sai dai mukan tuna da ita ne kawai idan labarin ya soki wanda muke so.

Makon jiya Inna ta turo mini irin wannan saƙo tana kuka. Na kira ɗan'uwanmu da ke garin da aka ambata a saƙon, ya ce muryar ta bara ce, sannan na miƙa mata wayar ta ji daga bakinsa.