Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Juma'ar da Aka Kashe Ɗan Majalisarmu

Makon jiya na tsaya a inda na samu aikin kula da tsofaffi a Southend, bakin teku, gabas da Landan.

Ranar Juma'a, 15 ga Oktoba 2021, na taso daga aikin dare na ɗan runtsa. Na farka ina shirin masallaci sai ga wayar matata: "Baban Ummi, kunna talabijin." An daɓa wa ɗan majalisarmu, Sir David Amess, wuƙa a cocin Belfairs da ke Leigh-on-Sea. Kafin la'asar aka ce ya cika.

Ba ibada ta kai shi cocin ba. A lokacin, al'adar 'yan majalisar Birtaniya ce su ari ɗaki a mazaɓarsu, su zauna da tebur da kujera, mai kuka ya zo ya faɗi kukansa, ba ɗan sanda, ba 'yan rakiya. Da na fara jin haka dariya na yi, don ni a gida ban taɓa wuce ƙofar gidan wakilinmu ba.

Amess ɗan jam'iyyar Conservative ne, haifaffen gabashin Landan a 1952. Ya shiga majalisa a 1983 daga Basildon, a 1997 ya koma Southend ta Yamma. Shekara 38 yana ciki, bai taɓa zama minista ba. Wata tsohuwa da nake kula da ita, wadda ko a mafarki ba ta zaɓar jam'iyyarsa, ita ta ba ni labarin dokar ɗumama gidaje ta 2000 da ya kawo, saboda talakawan da sanyi ke kashewa a ɗakunansu. Sai kuma nacinsa: kusan duk tashin da zai yi a majalisa sai ya roƙa a ɗaga Southend ta zama birni, har abin ya zama na tsokana.

Da maraice aka ce matashin da aka kama Musulmi ne. Gabana ya faɗi. Masallatan garin sun fitar da sanarwar Allah wadai, amma sanarwa ba ta shiga bas tare da kai. Daren nan na cusa hulata cikin aljihu kafin na hau, abin da har yau nake jin kunyarsa.

Na tarar da tsohuwar nan zaune, shayinta ya huce. Na ɗauka za ta kau da kai. Sai ta kama hannuna ta ce in zauna, muka kalli labarai ba mai cewa uffan.

Ranar Litinin Firayim Minista na lokacin, Boris Johnson, ya sanar a majalisa cewa Sarauniya ta amince Southend ta zama birni.

Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, zan ba ku labarin tambayar da Ummi ta dawo da ita daga makaranta a satin da abin ya faru.